Fusae da Fuskar Mashayin Jini

A unguwar Nerima ta birnin Tokyo, bayan tsohon gidan wankan jama'a da aka rufe tuntuni, akwai wata dattijuwa mai suna Kuramochi Fusae. Duk wanda ya ganta da hantsi tana jan ɗan kwandonta na cefane ba zai taɓa cewa ta yi shekara talatin da ɗoriya tana yi wa dodanni da aljanu kwalliya ba. Amma sana'arta ke nan. Da ita ta ci, da ita ta sha, a cikinta ta yi furfura.

Ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauye na yankin Yamagata aka haife ta, a gidan marina. Ubanta da furen beni yake rini. Furen nan rawaya ne a gona, sai an tsinke shi da sanyin safiya tun raɓa ba ta sake ƙayarsa ba, a wanke, a tsima, a kirɓa, sannan jan da ke ɓoye a cikinsa ya yarda ya fito. Tun tana 'yar shekara shida hannuwanta suke cikin wannan ruwa. Kafin ta gama firamare, sai a ajiye mata ƙyalle biyu da kowa ya rantse launinsu ɗaya, ta duba ta ce wannan sau biyar aka tsoma shi, wancan sau shida. Uban ba mai yabo ba ne. Iyakarsa ya yi gyaran murya ya ce, "An yi asarar idon nan a kan 'ya mace."

Rinin kanti ya zo ya kashe musu kasuwa. A shekarar 1968, tana da shekara goma sha takwas, ta hau jirgin ƙasa tare da 'yan ajinsu zuwa Tokyo, inda aka ɗauke su a masana'antar haɗa rediyo. Shekara guda ta yi tana ɗaura ƙananan wayoyi har ta fara mafarkinsu. Ranar wata Lahadi ta ga takarda manne a jikin turken lantarki: ana neman mata masu natsuwar hannu, ba sai an ƙware ba. Ta ɓalle takardar ta sa a aljihu.

Wurin kamfanin fim ɗin zane ne, ɗaki biyu a saman shagon mai tofu, wato awara. A ɗaya maza suna zane, a ɗayan mata takwas suna fenti. Idan aka gama zane sai a kwafe layinsa a kan wata leda mai kauri, garau kamar gilashi, wadda suke kira sel. Mai fenti ta juya ledar ta cika launi ta baya, ba ta tsallake layi ko da faɗin gashi. Shirin minti ashirin na cin sel dubbai, shi ya sa ba a ɗaga kai sai lokacin cin abinci. Wadda ta koya mata aikin ita ce Tokiko, mace gajera mai bakin reza, wadda ta girme ta da shekara biyar. Ranar farko ta miƙa mata farar safar hannu da aka yanke wa yatsu uku, ta ce, "Ke 'yar ƙauye, idan kika bar min sawun yatsa a sel, da shi za ki yi miya yau."

Ba ta taɓa bari ba. Zomaye ta fenta, da karnuka masu magana, da yara 'yan ƙwallo, da butum-butumin ƙarfe masu tashi sama. A cikin haka ta auri Tadao, direban bas, mutum mai sanyin hali da ba ya gama magana uku a jere. Suka haifi 'ya ɗaya, Mitsue. Mahaifiyar Tadao, tsohuwa Kiyo, tare suke zaune, tun da mijinta ya tafi yaƙi tana da ciki bai dawo ba. Ba ta da mugunta, ita ta yi renon Mitsue ma, amma aikin surukarta bai taɓa kwanta mata ba. Idan maƙwabta suka tambaya sai ta ce, "Tana ɗan taimakawa a wani kamfanin littattafai." A gida kuwa ta kan tsuke baki ta ce, "Mace da 'yarta, har yanzu tana shafa wa zomo hoda."

Fusae ita kanta a lokacin ba ta ɗauki aikin ya wuce haka ba.

A 1986 abubuwa suka juya. Kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, aka fara yin anime, wato irin fim ɗin zanen nan nasu, da ba na talabijin ba, wanda manya za su saya su kalla a ɗakinsu. Kamfaninsu ya samu irin wannan aiki, aka kawo musu darakta mai suna Ebihara, dogo siriri, sigari ba ta rabuwa da leɓensa. Ya tara su duka a ɗakin fenti ya ba su labarin. Wani mashayin jini ne daga Turai, irin matattun nan da suke tashi daga akwatin gawa, ya ɓuya a jirgin ruwa ya sauka a wani garin bakin teku na ƙasarsu a zamanin da. Ya so wata mace mai sayar da fitilu. Ya roƙe ta ya cije ta don ta zama irinsa, kada ta mutu. Ta ƙi. Ta tsufa a gabansa shi yana nan yadda yake, har ta rasu. Ranar da aka binne ta ya je ya zauna a kan kabarinta, ya jira fitowar rana, alhali ya san rana ce ajalinsa.

Sai Tokiko ta ce, "To, Darakta, ina wurin dariyar?"

"Babu."

"Tabɗi. Yaran wa za su kalli wannan?"

"Na ce miki na yara ne?"

Ya ciro takarda ya karanta musu dokokin abin kamar yadda ya tsinto a littattafan Turawa. Ba ya fitowa a madubi. Ba ya shiga gida sai an ce masa shigo. Yana tsoron gicciye, yana tsoron tafarnuwa, ba ya mutuwa sai an kafa masa turke a ƙirji ko rana ta taɓa shi.

"Tafarnuwa!" in ji Tokiko. "Ashe mijina ya fi ƙarfinsa. In ya dawo daga cin gyoza, abincin nan mai tafarnuwa, ko ni ba na iya kusantarsa."

Wata ta ce, "Shi gicciyen fa, a garin masunta wa ke da shi? Sai dai ya sha jininsu son ransa."

Ebihara bai yi dariya ba. Ya nuna Fusae da sigarinsa, ya kira ta da sunan gidansu cikin girmamawa. "Kuramochi-san, an ce min ke ce mai ido a nan. Ke za ki zaɓi launin komai, daga fatarsa har jininsa. Akwai wurin da zai shiga coci. Kin taɓa shiga coci?"

"Ban taɓa ba."

"Je ki gani. Ina son hasken da ke ratsowa ta gilasan nan masu launi."

Shekara goma sha bakwai Fusae tana bin lambar fentin da wani ya rubuta mata, yau ita za ta rubuta wa wasu.

Ranar Asabar da rana ta hau jirgi zuwa wata 'yar coci da aka kwatanta mata. Ba kowa a ciki sai wata tsohuwar Baturiya sanye da kayan mata masu hidimar coci, tana goge benci. Fusae ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, ba ta san ko ana cire takalmi ba. Tsohuwar ta amsa mata da Japananci tsaf, har da karin harshen mutanen kudu. Sunanta Sista Zorka, daga Yugosilabiya, shekararta arba'in a ƙasar.

Fusae ta zauna ta buɗe littafinta tana gwada launin gilasan. Tsohuwar ta leƙo, idonta ya faɗa kan zanen mashayin jinin: kyakkyawan saurayi, fari fat kamar takarda, da baƙar alkyabba.

"Wannan wane ne?"

Da kunya Fusae ta gaya mata. Ta zaci za a kore ta. Sai ta ga tsohuwar ta ajiye tsumma ta zauna kusa da ita tana dariya har da share hawaye.

"'Yata, wannan ai na masu littafi ne. Namu na ƙauye ba haka yake ba. Ina ya ga alkyabba? Manomi ne, da rigar da aka binne shi. Kuma ba fari ba ne. Ja ne, jawur, fuska a kumbure kamar wanda ya sha giya ya kwana a rana."

"Kin taɓa gani?"

"Ban gani ba, amma ina yarinya aka tone kabarin kawuna. Ya mutu da kaka, kafin bazara tari ya kashe mutum huɗu a danginmu. Sai matarsa ta fara cewa yana zuwa wurinta, yana zama a bakin murhu yana tambayar takalminsa. Maza suka ɗauki turke suka tafi maƙabarta, limamin cocinmu yana hana su, ba su ji ba. Ita kuwa ta bi su tana ihu, tana cewa ku bar shi, ba ya cutar kowa, kewa ce ta dame shi. Ni dai yanzu na san tarin fuka ne ya kashe su. Amma muryar matar nan ba ta fita kunnena ba. Su kan ce gidansa yake fara zuwa, wurin waɗanda yake so. Shi ya sa muke rataya tafarnuwa a ƙofa."

Fusae ta ce a hankali, "Mu kuwa kiran namu muke yi. Duk shekara lokacin Obon, bikin tunawa da mamata, sai mu kunna wuta a ƙofar gida don kada su ɓata hanya. Su kwana uku, mu raka su."

"Na sani. Shekarata ta farko a nan da na gani, tsigar jikina ta tashi. Yanzu kuwa ni ma ina tsayawa in kalla."

A jirgi Fusae ta wuce tasharta ba ta sani ba.

Ranar Litinin ta sami Ebihara da gwangwanayen fenti uku da ta haɗa da hannunta. Ta ce a bar shi fari kamar yadda aka saba, amma duk lokacin da yake kusa da mai fitilu, jini ya ɗan hau fuskarsa. Yana saurayin soyayya, ja mai haske kaɗan. Tana tsakiyar shekaru, ya ƙara nauyi. A kan kabarinta kuwa, kafin rana ta cinye shi, fuskarsa ta koma irin ta mai rai sosai.

"Kin san aikin da kike jawo wa 'yan ɗakinku?" in ji shi. "Launin fata huɗu ga mutum ɗaya."

"Na sani."

"Su ba za su yafe miki ba."

"Babbarmu Tokiko-senpai za ta zage ni, sannan ta yi."

Haka aka yi. Tokiko ta zage ta tas, ta ce 'yar marina ta samu wuri, sannan ta fi kowa kula da sel ɗin fuskar. Wata tara suna kai. Jinin kansa sau goma sha ɗaya Fusae ta haɗa kafin ta yarda da shi, don jan da ke gwangwani daban, wanda kyamara ke fitarwa daban.

Kaset ya fito, bai yi tashe ba, bai kuma faɗi ba. Bayan shekara biyu sai ga wani Ba'amurke, Mista Harlan, ya zo da tafinta yana son ya kai shi ƙasarsu. Aka kira Fusae ɗakin taron saboda maganar ta shafi launi. Mutumin mai fara'a ne, ya yaba zanen ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin ruwan sama da aka zana haka ba. Sannan ya zaro jerin gyare-gyarensa. A mayar da jinin kore. A cire tsufan matar. A ƙarshe kada kowa ya mutu.

Ta bakin tafinta ya yi bayani. "A wurinmu duk abin da aka zana katun ne, katun kuwa na yara ne, safiyar Asabar suke kallo suna cin abinci. A jefo wa kyanwa dutse ta baje kamar fanke, ta miƙe ta karkaɗe jiki, mako mai zuwa a sake. Iyaye sun san ba abin da zai sami kowa. In uwa ta shigo ta ga jini, kashina ya bushe."

Mai kamfani yana ta gyaɗa kai. Ebihara ya zuba wa tokar sigarinsa ido. Fusae, wadda ba ta taɓa magana a taro ba, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"A gaya masa irin wancan ma muna yi, na fenta zomaye sun fi a ƙirga. Amma wannan labari ne mai farko da ƙarshe. Wanda ya tsufa a cikinsa ya tsufa, wanda ya mutu ya mutu. In matar ba ta mutu ba, me ya kai shi zama a rana? Kuma koren jini ai na ƙwaro ne. Wa zai ji tausayin ƙwaro?"

Tafinta ya rage abin da zai rage, ya faɗa. Mista Harlan ya dube ta da kyau, ya ce ta yi gaskiya, shi kansa ya yi ƙwalla da ya kalla a masaukinsa, amma shagunan ƙasarsu ba su da kantar da za a ɗora irin wannan. Aka sa hannu. Can suka yanke minti ashirin, suka sa wa mutumin wata murya mai ban dariya, suka mayar da jinin wani launi kamar miyar ganye. Da aka aiko da kwafi, Fusae ta kalli minti biyar ta tashi ta tafi wanke burushi. Ta daɗe a bakin famfon, har Tokiko ta biyo ta ta tsaya a gefenta.

Na asalin yana gida a cikin kabad, ba wanda ya taɓa sa shi. Wata Lahadi ana ruwa, Mitsue, wadda ta shiga sakandare, ta ɗauko ta ce yau sai ta ga abin da ya hana mamanta zama a gida wata tara. Tadao ya fita aiki. Tsohuwa Kiyo tana gefe tana ɓare wake, ta juya wa talabijin rabin baya.

Aka kai wurin da mai fitilu ta tsufa, tana tsefe furfurarta a gaban madubi, shi yana tsaye a bayanta, madubin bai nuna kowa ba sai ita kaɗai. Fusae ta lura ƙarar ɓare wake ta tsaya. Ba ta waiwaya ba. Har aka gama, sunaye suka fara hawa, Mitsue tana jan hanci tana neman sunan mamanta.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar ta nufi ɗan teburin tunawa da mamata, inda hoton mijinta yake, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu cikin kayan soja. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kullum in na zo sa masa shinkafa sai in ji kunya," in ji ta. "Shi yana nan yaro, ni na zama kakarsa. In ya ganni a hanya ba zai sanni ba." Ta gyara furen da ke gaban hoton. "Fusae-san, jan nan da ke hawa fuskarsa, wa ya ce a sa?"

"Ni ce, Mama."

"Hm."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma bayan kwana biyu Fusae ta jiyo ta ta katanga tana gaya wa maƙwabciya, "Surukata anime take yi. Ba irin na jikokinki ba, na masu hankali."

Shekaru suka ja. Wajen 2000 kwamfuta ta shigo, aka daina sel, aka kwashe gwangwanayen fenti aka zuba a mota. Matasa suna cika launi da danna yatsa ɗaya, abin da yake cin ta rabin sa'a. Fusae ta yi ƙoƙari, ta yi wata shida tana koyo, amma hasken allon yana sa mata ciwon kai, hannunta kuma kullum neman burushi yake. Ta ajiye aiki tana da shekara hamsin da biyu, ta koma wani shagon abinci tana jera shinkafa da kifi a akwatunan cin rana. Ba ta yi kuka da hakan ba. Ta kan ce nan ma aikin launi ne, in ba a sa ɗan ja da kore ba, ba mai saye.

Tsohuwa Kiyo ta rasu a hannunta. Tadao ya bi bayan shekara tara, shiru-shiru yadda ya yi rayuwarsa. Mitsue ta yi aure a garin Sendai, tana ta fama Fusae ta koma wurinta da zama, ita kuwa ta ce ba ta gama da Nerima ba. A 'yan ɗakin fenti su uku suka rage. Duk kaka suna haɗuwa su tafi wankan ruwan zafi na kwana ɗaya, Tokiko da sandarta tana zagin matakala.

Bara ne yanar da ke idon Fusae ta yi tsanani. Ta daɗe tana ɓoyewa, sai da ta zuba gishiri a shayin baƙo sannan Mitsue ta zo ta tasa ta gaba zuwa asibiti. Aikin bai kai rabin sa'a ba. Washegari da aka cire bandejin, ta ƙura wa rigar ma'aikaciyar jinya ido har yarinyar ta tsargu.

"Lafiya, Kaka?"

"Ashe fari haka yake? Na fi shekara goma ban gan shi ba."

A hanyar gida ta hana Mitsue sakat. Dubi sararin sama, dubi ganyen can, dubi jakar matar nan. Da suka buɗe ƙofa kuwa ta yi turus a bakin ɗaki. Labulen da ta saya shekara uku da suka wuce, wanda take alfahari da shi a kan ruwan ƙasa ne mai natsuwa, ashe wani shunayya ne mai ihu, irin na rumfar 'yan wasa.

"Mitsue! Kina ganin wannan abin a ɗakina shekara uku ba ki gaya min ba?"

"Haba Mama, wa ya isa ya gyara miki launi? Na zaci wani sabon salo ne."

Fusae ta ɗauki waya ta kira Tokiko ta ba ta labari. Dariyar da ta fito daga wayar har Mitsue tana ji daga kicin.

"Na gani tun ranar da kika rataya shi," in ji Tokiko. "Na ce bari in bar 'yar marina da kayanta, in ga ranar da za ta gane."

A ranar, ko hutawa ba ta yi ba, ta sa Mitsue ta hau kujera ta sauke shi. Da la'asar suka fita kasuwa neman wani, ta sa mai shago ya sauko da bandir goma sha huɗu kafin ta zaɓi ɗaya.